Yadda za ka zaɓi koyiloba ka sauke motar gudu ba tare da ta rasa daɗin hawa ba

Duk wanda ya sayi motar gudu, ba a daɗewa idonsa zai fara tsayawa a kan gibin nan da ke tsakanin taya da bakin fenda. Ko ka wanke ta ta yi ƙal, gibin na nan yana rage mata kwarjini. Daga nan abokai za su ce a sa koyiloba, wato shakazoba mai sifirin da ake sauke mota da ita, kuma gaskiyarsu, ni ma ita na sa. Sai dai na hau motoci da dama da aka kashe musu kuɗi masu yawa aka lalata su, har mai motar ya koma yana jin tsoron titin unguwarsu. Daɗin hawa bayan an sauke mota yana rataye ne a kan abu biyu: sauran filin da aka bar wa shakazoba ta nutse kafin ta ƙure, da ingancin bawul ɗin da ke cikinta. Yawan maɓallan saiti da launin sifirin suna can baya.

Motata Scion FR-S ce ƙirar 2013, ta hannu daga Amurka. Ita ce Toyota 86, ita ce kuma Subaru BRZ, haɗin gwiwar kamfanonin biyu da ya fito a 2012. Da ita zan yi misali don ita na sani ciki da bai, amma lissafin bai canza ba ko kana da Mazda MX-5, ko Nissan 350Z, ko BMW 3 Series mai ƙofa biyu.

Koyiloba shakazoba ce da sifirin a haɗe, an yanka wa jikinta zare irin na kusa, da zoben ƙarfe da ake murzawa da sifana ta musamman a ɗaga mota ko a sauke ta. Iri biyu ce, kuma ka san wacce kake saye. A ta farko, zoben da sifirin ke zaune a kai shi ake saukewa, don haka duk milimitar da ka sauke daga filin nutsewar shakazoba ka cire ta. Haka kamfanonin KW da Bilstein suke yi, amma suna gajarta jikin shakazobar tun daga masana'anta, su kuma rubuta maka iyakar da hukumar TÜV ta Jamus ta gwada. A ta biyu, ƙafar shakazobar ce ake murzawa ta hau ko ta sauka, sifirin yana nan yadda yake. Tein Flex Z da BC Racing da Fortune Auto irin wannan ne. Masu sayarwa suna son cewa ta biyun ta fi don ba ta cin fili. Ba lallai ba ne. Wasu daga cikinsu dama da ɗan guntun fili aka ƙera su, kuma in ka gajarta jikin da yawa taya ce za ta bugi cikin fenda kafin shakazoba ta ƙure.

Kafin ka buɗe shafin kowane mai sayarwa, ɗauki tef na awo ka fita. Cika tanki, ka ɗauki wanda ka saba ɗauka a mota, ka tafi tudun rage gudu mafi tsayi a hanyar da kake bi kullum, lokacin da babu cunkoso. Hau shi a hankali ka tsaya daidai lokacin da tudun yake tsakanin tayoyin gaba da na baya. Sauko ka durƙusa, ka haska fitilar waya a ƙarƙashi, ka auna daga kan tudun zuwa abin da ya fi kusa da shi, yawanci bututun salansa ne. Abin da ka samu, rage masa santimita 2 saboda mota tana ɗan nutsewa idan ta sauko daga tudu tana tafiya. Ragowar shi ne iyakarka. Sannan ka je ƙofar gidanka, wajen kwalbatin da ake hawa a shiga, ka sa wani ya tuƙa kai kana kallon leɓen bamba. A gidaje da yawa a Kaduna da Kano wannan hawan ya fi tudun titi mugunta, domin magini ya yi shi ne da jif a ransa.

FR-S tana fitowa da tazarar santimita 13 ko ƙasa da haka kaɗan tsakaninta da ƙasa. Ka ga dama ba wani yalwa gare ta ba. Ni santimita 2.5 na sauke, kuma shi nake ba kowa shawara: daga 2 zuwa 3. Da wannan gibin fenda zai rufe yadda ido zai gamsu, hannun ƙasa na gaba kuma, wanda makanikai ke ce wa lowa am, zai zauna kusan a kwance daidai da ƙasa. In ka wuce santimita 4, hannun zai fara kallon sama ta wajen taya. Daga nan motar za ta ƙara son kwanciya a kwana duk da ta yi ƙasa, sitiyari kuma ya fara fizga da kansa duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami. Ana gyara wannan da boljoyin da tairod na musamman, amma kuɗi ne ka ƙara don magance ciwon da kai ka jawo.

Dalilin da na nace kan fili shi ne wannan. Ka ɗauka mutum ya diro daga kan katanga alhali tun a sama yana tsugune. Ba sauran gwiwar da zai lanƙwasa, don haka bugun zai tafi kai tsaye zuwa ƙashin bayansa. A kan sandar kowace shakazoba akwai wata roba mai tauri da ke tare ta idan ta zo ƙarshe. Motar da aka sauke fiye da kima kusan a kan robar nan take zaune, ko ɗan gargada ta taka sai ta doke ta. Mai motar zai ce sifirin ya yi tauri, ya sassauta saiti, abin ya ƙara muni, don yanzu ta fi saurin isa kan robar. A FR-S bayan motar ne ya fi fama da wannan, shakazobar baya gajeriya ce tun asali.

Sai ƙarfin sifirin, inda aka fi yaudarar mutane. Za ka ga an rubuta 6K ko 8K. Ma'anarsa nauyin kilo 6 ko 8 ne ke danne sifirin milimita 1. Amurkawa da fam da inci suke rubutawa, 1K daidai yake da kusan 56 nasu. Jamusawa kuma N/mm, inda 1K yake kusan 9.8. Sifirin FR-S na asali wajen 2.3K ne a gaba, 3.8K a baya. Kada ka ce na baya ya fi tauri nesa ba kusa ba. A gaba shakazoba tana tsaye kusan a kan taya, don haka kusan duk ƙarfin sifirin yana isa gare ta. A baya kuwa tana zaune ne a kan hannun ƙasa, can ciki kaɗan, abin da ke isa taya bai fi kashi 60 cikin 100 ba. Shi ya sa ba a kwatanta lambar sifirin wata mota da ta wata. 8K a bayan wata motar laushi ne, a gaban FR-S kuwa azaba ce.

Injiniyoyi suna auna laushi da yawan lilon da jikin mota ke yi a daƙiƙa ɗaya. Motar iyali tana tsakanin 1 da 1.5, motar gudu ta titi tsakanin 1.5 da 2, abin da ya haura 2 ya fara zama na filin tsere. Motata tana da nauyin kilo 1,250 ko kusa da haka, kashi 53 a gaba, don haka kowane sifirin gaba yana ɗauke da wajen kilo 300. In ka buga lissafi, na asali yana ba da kusan 1.3, 4K yana ba da kusan 1.7, 6K kuma ya ɗan haura 2. Koyiloba da yawa na wannan motar da 6K ko fiye suke zuwa, don an yi su ne da tunanin mai zuwa filin tsere a ƙarshen mako a Japan ko Kalifoniya. Kai da za ka bi hanyar Kaduna zuwa Zariya, ka kuma shiga layin unguwa mai burji, 4K zuwa 5K ya ishe ka a gaba, baya kuma daidai da shi ko sama da shi kaɗan. Kada kuma ka gangara ƙasa da haka don neman laushi. Tunda ka rage fili, dole sifirin ya fi na asali ƙarfi ya hana ta ƙurewa.

Shakazobar kanta ita ce inda kuɗinka ke tafiya. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, akwai mai bututu ɗaya da gas mai matsi sosai. Mai bututu biyu ta fi laushi a kan ƙananan gargada, kuma in dutse ya lotsa bututun waje tana ci gaba da aiki. Mai bututu ɗaya ta fi saurin fitar da zafi, ba ta yin sanyin jiki a doguwar tafiya kan hanya mara kyau. Kowacce akwai mai kyau akwai ta banza. Abin da za ka tambaya shi ne ko bawul ɗin yana sakin mai idan bugu ya zo da sauri. Shakazoba mai kyau tana riƙe mota da ƙarfi a motsi na sannu, kamar shiga kwana ko taka birki, amma da taya ta doki bakin rami sai ta buɗe ta bar tayar ta hau ita kaɗai ba tare da ta ɗaga motar ba. Wannan ne Öhlins na Suwidin suka gina bawul ɗinsu na DFV a kai, Bilstein da KW da Fortune Auto ma kowa da hanyarsa ta cim ma haka. Shi ya sa za ka hau mota mai sifirin 6K da shakazoba ta kirki ka ji ta fi mai 4K da shakazoba ta araha daɗi. Araha dai ba ta ado.

Yawan maƙalai na saiti kuwa, wato matakan da ake murzawa a ƙara ko a rage taurin shakazoba, kada ya ruɗe ka. BC Racing BR na Taiwan yana da 30, Fortune Auto 500 da ake haɗawa a jihar Bajiniya ta Amurka yana da 24, Tein Flex Z yana da 16, Bilstein B16 yana da 10, Bilstein B14 da KW V1 ba su da ko ɗaya. Wanda ba shi da saiti ba yana nufin ya gaza ba, kamfanin ne ya daidaita shakazoba da sifirin ya rufe. Ga wanda titi kawai zai bi, B14 ko V1, ko ST wanda KW ɗin ne ke yin sa da ƙarfe mai rahusa, sun fi masa kwanciyar hankali a kan abin da zai yi ta murzawa bai san me yake nema ba. In kana son taɓawa da hannunka, KW V3 yana raba saitin nutsewa da na dawowa, 12 da 16, kuma jikinsa ƙarfe ne mara tsatsa. Tein da BC suna wajen dala 1,000, V3 da Öhlins sun haura dala 2,000, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Masu dala 300 da ba a san wanda ya ƙera su ba, ka bar su inda ka gan su.

Zan faɗi abin da masu sayarwa ba za su so ba. In santimita 2.5 kawai kake so kuma ba ka da niyyar sake taɓawa, sifirin Eibach Pro-Kit a kan shakazobar Koni Sport ko Bilstein B8 zai kai ka wurin, sau da yawa da kuɗi kaɗan. Amfanin koyiloba a ƙasarmu shi ne in ka sauya gida ka tarar da sabon kwalbati, ko aka zuba sabon tudu a layinku, za ka iya ɗaga motar santimita 1 da yamma ɗaya. Wannan kaɗai ya sa na zaɓe ta. Abin da ba za a yi ba ko kusa shi ne yanke sifirin asali da injin yanka ko gasa shi da wutar walda.

Duba kan shakazobar kuma, inda take ɗaure da jikin mota. Wasu suna zuwa da roba, ko su bar ka ka yi amfani da na asali. Wasu suna zuwa da ƙwallon ƙarfe zalla mai faranti na saita karkatar taya, wato yadda samanta ke jinginawa ciki. Na ƙarfen yana ƙara wa sitiyari kaifi, amma duk tsakuwar da ka taka sai ka ji ta a kunne, kuma ƙurar hunturu tana shiga ta cinye shi ya fara ƙwanƙwasa. Na roba za ka nema. Karkatar tayar gaba ana iya samun ta da kusa ta musamman mai ɗan kuɗi.

Taya ma tana cikin lissafin, don ita ce ke fara karɓar bugu. Ta asali 215/45R17 ce, tsayin gefenta milimita 97. In ka koma 225/40R18 ya zama 90, a 225/35R19 kuwa 79. Mutane suna sa koyiloba da rim 19 a rana ɗaya, sai su ɗora wa koyiloba laifin da na rim ne. Zauna a kan 17. Rami ɗaya a damina ya isa ya lanƙwasa rim 19.

Wajen saye, ba wa mai sayarwa shekarar motar da lambar shasi, ka kuma nemi lambar kayan ka duba ta a shafin kamfanin. Ana yin jabun manyan sunayen nan, don haka ka sayi daga dilan da kamfanin ya lissafa. Tambayi yadda za ka yi in ƙafa ɗaya ta fara yoyon mai. Flex Z a rufe take, sabuwar ƙafa ake saye a maye gurbi, kuma ga mu da muke nesa da masu gyaran irin waɗannan kaya wannan sauƙi ne. Öhlins da Fortune Auto ana buɗe su a sabunta, amma sai ka aika su waje motarka tana zaune. Ajiye kayanka na asali a kwali saboda irin wannan ranar. Koyiloba ta hannu kuwa ba na saye sai na ga zoben yana juyawa, sandar ba ta da ƙarzuwa, babu danshin mai a wuyanta. In motarka tana da shakazoba mai lantarki, irin EDC na BMW ko MagneRide na wasu Mustang da Camaro, sai ka haɗa da na'urar da za ta hana kwamfutar motar kunna fitilar gargaɗi.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a garejin da kanka. Kafin a ɗaga mota, a wuri mai shafaffen siminti, auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a ƙafafu huɗun ka rubuta. Daga tsakiyar wili, ba daga ƙasa ba, don iskar taya ba za ta shiga awon ba. Bakaniken da nake kai wa mota, gwani ne a aikinsa, da ya ga kayan sai ya ce, "Alhaji, a sauke ta har taya ta shige ciki ko?" Na ce, "A'a Oga, ga takarda, kowace ƙafa a rage mata milimita 25 kawai." Yawancinsu sun saba da masu son ta kwanta ƙasa, in ba ka faɗa ba haka za su yi maka da kyakkyawar niyya.

A shafa wa zaren man hana kamawa kafin a murza zobe. A irin mai ƙafar murzawa, a matse sifirin gwargwadon abin da takardar kamfani ta ce, yawanci 'yan milimitoci ne don kada ya yi rawa, sannan a nemi tsayi da ƙafar, ba da matse sifirin ba. Kada a sa bindigar iska a kan notin saman sanda, tana juya sandar ta lalata abin da ke ciki. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne bushin. Duk kusar da ta ratsa bushin roba, ba a ƙarasa ɗaure ta sai nauyin mota yana kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, motar ta yi tauri, bushin ya yage cikin 'yan watanni. Waɗanda ba a kwance ba ma a sassauta su a sake ɗaurewa a sabon tsayin. A duba linkej, wato ƙaramin ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da sandar hana kwanciya a kwana, ya shiga ba tare da an tilasta shi ba, a duba tiyon birki da wayar ABS ba su miƙe ba idan an karya sitiyari har ƙarshe. Notin wili na wannan motar 120 Nm ne.

Yi tafiya na kamar mako ɗaya kayan su zauna, ka sake awo, ka gyara in wata ƙafa ta bambanta, sannan ka tafi alaimen na kwamfuta. Karkatar gaba digiri 1 zuwa 1.5 ta wadatar, tayoyin gaba su kalli gaba sak, na baya su ɗan kalli ciki kaɗan. Bayan FR-S yana ƙara karkata da kansa idan an sauke, yana iya kusantar digiri 2, kuma masana'anta ba ta sa wurin saita shi ba. In ɓangarorin biyu sun yi daidai ka bar shi, in sun bambanta sosai sai ka sayi hannun ƙasa mai saiti. Abin da ya fi cin taya shi ne tayoyin su kalli ciki ko waje fiye da kima, don haka nan za ka sa ido a takardar da za su buga maka.

Saitin tauri ana ƙirga shi ne daga ƙarshen tauri: murza a hankali har ya tsaya, kada ka danna, sannan ka dawo baya kana ƙirgawa. Fara daga inda kamfani ya ce. Zaɓi titi ɗaya mai tudu da gargada da kwana, ka riƙa canza maƙalai 2 kacal kana sake bin sa. In motar ta sauko daga tudu ta yi lilo fiye da sau ɗaya, ƙara tauri. In a kan gargada masu bin juna ka ji tana ƙara dannewa ƙasa tana tsalle-tsalle, dawowar ta yi tauri, sassauta. Don sanin ko fili ya ishe ka, ɗaga robar da ke rufe sandar shakazoba, ka ɗaura wa sandar siririyar igiyar roba ta ɗaure waya, ka tura ta ƙasa har ta taɓa wuyan shakazobar. Yi tafiyarka ta kullum ka dawo ka leƙa. In ka tarar igiyar ta tsaya da ɗan rata kafin robar tarewa, ko ta ɗan taɓa ta, lafiya lau. In ka same ta a cushe cikin robar alhali ba ka faɗa wani babban rami ba, ɗaga motar milimita 5 a irin mai zoben sifirin. A irin mai ƙafar murzawa ɗagawa ba ta ƙara wa sanda fili, sai dai sifirin da ya fi ƙarfi da 1K.

Ƙura da ruwan damina su ne abokan gabar zaren jikin koyiloba. Akwai rigar da ake sa wa koyiloba mai maɗauri, ba ta da tsada, ka saya tare da kayan. Duk lokacin da za a juye baƙin mai, sa a cire tayoyi a wanke zaren da buroshi da ruwan sabulu, a busar, a ɗan motsa zoben a mayar da shi inda yake, a sake shafa man hana kamawa sama-sama, domin in ya yi yawa yashi yake tarawa. Bayan hunturu da bayan damina kuma a sake gwada matsin zoben kulle da sifanarsa, a duba wuyan kowace ƙafa ko ya jiƙe da mai.